Suna linzami: tarihin rabe-raben ƙari mai yauƙi na gidan ƙwan mace a ƙarƙashin madubin likita (1809-2020)

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin ƙirƙiro kalmomin fannu ya san yadda aikin yake tafiya. Akan jera kalmomin Faransanci a hagu, a bar gurbi a dama, sannan a ce wa masu harshe su cike gurbin. Wannan tsari ya ginu ne bisa zaton cewa kalmar da ke hagu a zaune take daram, masu ita sun gama shawara a kanta, mu ne kawai muka makara. A cikin wannan maƙala muna so mu gwada wannan zato da misali guda daga fannin likitanci, wato sunayen da aka riƙa laƙaba wa wani irin ƙari da ke fitowa a gidan ƙwan mace, wanda ake kira « tumeur mucineuse de l'ovaire » da Faransanci, mu kuwa za mu kira shi ƙari mai yauƙi. Za mu bi tarihin rabe-rabensa daga 1809 zuwa 2020, mu ga yadda kowane suna ya zo, da dalilin da ya sa aka yar da shi, da kuma abin da ya jawo wa marasa lafiya a lokacin da yake ci.

Maganar ta wuce ta ƙamus. Sunan da likita ya rubuta bayan ya duba nama a madubi shi ne ke yanke ko za a cire wa mace gidan ƙwai ɗaya a bar mata mahaifarta, ko a cire duka a bi ta da magungunan daji masu wahalarwa, ko kuwa a koma a binciki hanjinta domin a can tushen cutar yake. Hausawa na cewa suna linzami ne. A wannan fanni linzamin yana bakin mai tiyata.

1.1 Kalmomin aiki

Gidan ƙwai shi ne « ovaire ». Mace na da guda biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa, kowanne bai fi ɗan dabino girma da yawa ba. Ƙari shi ne duk wani tsiron nama da ya fito inda bai kamata ba, mugu ne ko marar illa. Irin wanda muke magana a kansa yakan zo kamar babbar jaka mai ɗakuna-ɗakuna, cike da ruwa mai kauri da yauƙi irin na miyar kuɓewa, kuma yana cikin waɗanda suka fi girma a jikin ɗan Adam: ya kai santimeta 20 ko 30 ba abin mamaki ba ne. Bangon kowane ɗaki yana da shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta (épithélium), su ne ke fitar da yauƙin, ƙarƙashinsu kuma akwai naman da ke riƙe da shimfiɗar (stroma). Madubi a nan yana nufin mikroskop, likitan madubi kuma shi ne « anatomopathologiste ». Kusan dukan gardamar da za mu bi ta tsaya ne a kan tambayoyi uku: yaya siffar ƙwayoyin shimfiɗar take, sun kutsa cikin naman ƙasa ko ba su kutsa ba, kuma a nan aka haife su ko daga wani wuri suka zo.

2.0 Zamanin ido da hannu

Ranar 25 ga Disamba 1809, a garin Danville na jihar Kentaki ta Amurka, likita Ephraim McDowell ya buɗe cikin wata mata mai suna Jane Todd Crawford, wadda da farko aka zaci ciki gare ta na tagwaye. Ta yi tafiyar kusan kilomita 100 bisa doki kafin ta isa wurinsa, kuma a lokacin babu maganin sa barci. Ya ciro mata ƙari mai nauyin wajen kilo 10, mafi yawansa wani abu ne mai kauri da danƙo. Ta rayu har 1842. Babu wanda ya duba naman a madubi, saboda haka bayaninsa ya tsaya a kan nauyi, da launi, da kauri, wato abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa.

Sunayen farkon ƙarni na 19 duk irin wannan ne. Wasu sun kira ciwon kumburin ruwa na gidan ƙwai (hydropisie de l'ovaire), wasu kuma suka yi amfani da kalmar « colloïde », daga kalmar Girkanci mai nufin danƙon liƙi. Abubuwa biyu ne suka canza wannan hali. Na farko, tiyatar ta yawaita: a birnin Landan, Thomas Spencer Wells ya cika ta 1000 a shekarar 1880, ke nan masu bincike sun sami naman da za su duba a yalwace. Na biyu, bayan littafin Rudolf Virchow na 1858, likitocin Jamus suka karɓi ra'ayin cewa a cikin ƙwayar halitta ake neman tushen cuta. Dabarun aiki suka biyo baya: daskarar da nama cikin kakin farafin, yanka shi siriri, rina shi da launuka biyu, shuɗi da ja, tun shekarun 1870, sannan adana shi cikin ruwan formol daga 1893.

A 1870, Wilhelm Waldeyer, wanda ke koyarwa a Breslau, ya nuna cewa waɗannan manyan jakunkuna daga shimfiɗar ƙwayoyi suke tsirowa, ya kuma raba su gida biyu bisa siffar tsiron: masu yin ƴan ramuka kamar gilan, da masu yin ƴan rassa kamar fure. Abin da madubi ya nuna ya shiga cikin suna.

3.0 Zamanin « yauƙin ƙarya »

Masana sinadarai ma sun sa baki. A tsakiyar ƙarni na 19, Scherer ya ɗauki abin da ke cikin jakar a matsayin ɗan'uwan farin ƙwai, ya kira shi « métalbumine ». A 1882, Olof Hammarsten na jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin ya sake gwada shi. Yauƙin da aka sani, irin na yawu, idan aka zuba masa asid asetik, wato sinadarin da ke ba ruwan kal tsaminsa, yakan dunƙule ya kwanta. Na gidan ƙwai bai yi haka ba. Sai Hammarsten ya raɗa masa « pseudomucine », yauƙin ƙarya ke nan, domin ɗafa-goshin « pseudo- » a Girkanci ƙarya yake nufi.

Hermann Pfannenstiel ne ya shigar da kalmar cikin rabe-rabe. A 1898 ya raba ƙarin shimfiɗa na gidan ƙwai gida biyu bisa irin ƙwayoyin da abin da suke fitarwa: masu tsinkakken ruwa (séreux) da masu yauƙin ƙarya (pseudomucineux). Wannan rabo ya tsaya har yau, ɗafa-goshin ne kawai ya faɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu an samo sababbin rini masu kama yauƙi a cikin ƙwaya kanta, ɗaya a 1946, wani a 1950, suka nuna cewa yauƙin gidan ƙwai dangin na tumbi da hanji ne sosai. A shekarun 1950 aka fara cewa sunan kuskure ne, amma littattafan koyarwa sun ci gaba da shi har bayan haka.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, Hammarsten bai yi kuskure a gwajinsa ba. Kuskuren ya zo ne daga ɗaukar sakamakon gwaji guda a mayar da shi hukunci a kan asalin abu, a kuma dasa hukuncin cikin kalma. Gwaji yakan tsufa cikin shekaru kaɗan, kalma kuwa ta kai shekara 70 tana yawo.

4.0 Neman suna ga na tsakiya

Tsohon tsari ɗaki biyu gare shi: marar illa (cystadénome) da mugu (cystadénocarcinome). Amma tun zamanin Pfannenstiel an lura da wasu da ba su shiga ko ɗaya ba. Ƙwayoyinsu sun yi yawa, sun hau kan juna, siffarsu ta fara ɓaci, amma ba su kutsa cikin naman ƙasa ba, kuma matan da aka cire wa su sukan daɗe a raye. A 1929, Howard Taylor na birnin New York ya kira irin waɗannan masu rabin mugunta, ko da yake mafi yawan misalansa daga masu tsinkakken ruwa suke. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya (FIGO) ta ba da shawarar a buɗe musu ɗaki na uku a 1961, ta tabbatar da shi a 1971 da sunan masu ƙarancin yiwuwar mugunta. A 1973 Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta fitar da rabe-rabenta na farko, wanda Serov, Scully da Sobin suka tsara, ta ba ɗakin suna biyu a lokaci guda: ƙarin da ke bakin iyakar mugunta, ko kuma daji mai ƙarancin yiwuwar mugunta. A wannan bugu ne kuma aka rubuta « mucineux » ba tare da ɗafa-goshin ƙarya ba.

Suna na biyun nan ya ƙunshi kalmar « carcinome », wato daji. Mace ƴar shekara 30 da ta ji wannan kalma, da likitan da ya karanta ta cikin takardar sakamako, duk hankalinsu zai tafi ga cire mahaifa da ba da magani mai ƙarfi, alhali ƙarin ba ya bukatar haka. Faransanci ya yi ta jujjuyawa tsakanin « tumeur à la limite de la malignité » da « tumeur frontière », a asibiti kuma sau da yawa kalmar Ingilishi « borderline » ake ara kai tsaye.

Buɗe ɗaki daban, shata iyakarsa daban. A masu yauƙi, gane kutse yana da wuya, domin ɗakunan jakar sun cuɗe da juna, ba a iya cewa wannan rami kutse ne ko kuwa lanƙwasar bango ce da wuƙa ta yanka a karkace. A 1973 ɗin dai, William Hart da Henry Norris na cibiyar nazarin cututtuka ta sojojin Amurka da ke Washinton suka kawo ma'auni na lissafi: idan ƙwayoyi masu ɓatacciyar siffa ba su wuce hawa 3 ba, ƙarin na kan iyaka ne, idan sun kai hawa 4 ko fiye, daji ne ko da ba a ga kutse ba. Cikin mata 97 da suka sa a ɗakin kan iyaka bisa wannan ma'auni, wajen kashi 96 cikin 100 suna raye bayan shekara 10. Ma'aunin ya yi aiki shekaru da dama, amma yana da rauni, domin yawan hawan da ido ke ƙirgawa ya dogara da kaurin yankan da kuma kusurwar da wuƙa ta bi. Daga baya aka bar ƙirgar hawa, aka koma duban ɓacin cibiyar ƙwayar. Inda ɓacin ya yi tsanani ba tare da kutse ba, sai a ce ƙarin kan iyaka ne mai daji a cikin shimfiɗa, kuma an ga cewa idan bai fita daga gidan ƙwai ba, makomarsa kusan ɗaya ce da ta sauran na kan iyaka.

A 1988 Joanne Rutgers da Robert Scully suka sake tsaga ɗakin. Suka nuna cewa mafi yawan na kan iyaka ƙwayoyinsu irin na hanji ne, har da masu siffar ƙoƙo, amma akwai ƴan kaɗan, kimanin kashi 15 cikin 100, da ƙwayoyinsu suka yi kama da na bakin mahaifa. Waɗannan sun fi ƙanƙanta, sun fi kama gefe biyu, kuma sau da yawa suna tare da ciwon da ake kira andometiriyoz, wato tsirowar shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa. Za mu sake haɗuwa da su a gaba.

5.0 Ɗan gida da baƙo

Babban juyin da aka yi bai shafi hawa ko siffa ba, tambayar asali ya shafa. A 1884 Richard Werth ya bayyana wani hali da cikin mace ke cika da yauƙi mai kauri, ya lulluɓe hanji da sauran kayan ciki, ya kira shi « pseudomyxome péritonéal ». A nan ne kaɗai ɗafa-goshin ƙarya ya tsira har yau. Da yake akan tarar da ƙari mai yauƙi a gidan ƙwan matan, sai aka ɗauka cewa shi ne ya fashe ya zuba. A 1901 Fraenkel ya bayyana irin wannan hali tare da ciwon afandis, wato ƴar wutsiyar nan da ke maƙale a farkon babban hanji, kuma an san maza ma suna kamuwa da shi, su da ba su da gidan ƙwai. Duk da haka, kusan shekara 100 ana ɗora laifin a kan gidan ƙwai idan mai ciwon mace ce.

Irin wannan ruɗu ya faru da Friedrich Krukenberg a 1896. Ya bayyana wani ƙari mai ƙwayoyi cike da yauƙi, masu siffar zoben hatimi, ya ɗauka ɗan gida ne. A 1902 Schlagenhaufer ya nuna cewa baƙo ne, galibi daga tumbi. Sunan Krukenberg ya zauna a kan ƙarin, fassararsa ta tafi.

Me ya sa ido ke ruɗewa? Dajin hanji, ko na afandis, ko na pankiriyas, ko na matsarmama, idan ya yi ƙaura zuwa gidan ƙwai, yakan yi jaka mai ɗakuna, a wasu sassan ma ƙwayoyinsa su kwanta hawa ɗaya lami lafiya kamar marasa illa. Kama da wane ba wane ba ne. A 1989 Robert Young da Hart suka nuna haka game da dajin pankiriyas. A 1991 Young, Gilks da Scully, sannan a 1995 Brigitte Ronnett da abokan aikinta na Johns Hopkins a birnin Baltimo, suka nuna cewa a halin da Werth ya bayyana, kusan kullum afandis ne tushe, gidan ƙwai masauki ne kawai. A 1999 binciken ƙwayar gado mai suna KRAS ya ƙarfafa wannan, domin an tarar da canji iri ɗaya a ƙarin afandis da na gidan ƙwai na mace guda. Togaciya ɗaya ita ce ƴan kaɗan da ke tsirowa daga cikin teratom na gidan ƙwai, wato ƙarin da ke ƙunshe da nama iri-iri kamar fata da gashi da shimfiɗar hanji.

Sakamakon wannan gyara ya shafi ɗakuna biyu. Tsofaffin rahotanni sun ce ƙarin kan iyaka mai yauƙi idan ya bazu cikin ciki yakan kashe kusan rabin masu shi. Da aka fitar da baƙi daga lissafin, sai aka ga na gaskiya kusan dukansu a gidan ƙwai ɗaya suke tsayawa, kuma da wuya su yi kisa. Mugun sunan da ɗan gida ya yi, laifin baƙo ne. A ɗakin daji kuwa, a 2003 Seidman, Kurman da Ronnett suka duba daji mai yauƙi guda 52 da aka samu a gidan ƙwai, suka tarar 40 baƙi ne, 12 kawai ƴan gida. Suka ba da wata ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya kama gefe biyu, ko ya kama gefe ɗaya amma bai kai santimeta 10 ba, a zarge shi da baƙunci, wanda ya kama gefe ɗaya kuma ya kai santimeta 10 ko fiye, a ɗauke shi ɗan gida. Ƙa'idar ta dace a kashi 90 cikin 100 na misalansu, a 2008 kuma aka ba da shawarar a ɗaga ma'aunin zuwa santimeta 13. Ta haka dajin da tsofaffin littattafai ke ba wajen kashi 12 cikin 100 na dajin gidan ƙwai ya koma wajen kashi 3. Cutar ba ta ragu ba, ma'anar kalmar ce ta tsuke.

6.0 Bugun 2003, 2014 da 2020

Tun daga 2003, cibiyar binciken daji ta OMS da ke birnin Liyon na Faransa (CIRC) ce ke fitar da rabe-raben. Bugun 2003 ya fifita sunan kan iyaka. A wannan shekarar aka yi taro a Bethesda ta Amurka domin daidaita kalmomi, ba a kuwa daidaita duka ba, domin makarantar Baltimo ta fi son a ce ƙari mai yawan tsiro da baƙuwar siffa, don a kauce wa duk wata kalma mai ƙanshin mugunta. Bugun 2014 ya ajiye sunayen biyu kafaɗa da kafaɗa, na 2020 ya bar na kan iyaka shi kaɗai.

An kuma sa ma'aunai. Sai sashen da ƙwayoyi suka yawaita ya kai kashi 10 cikin 100 na shimfiɗar kafin a ce ƙarin na kan iyaka ne. Kutsen da bai kai milimeta 5 ba ƙaramin kutse ne, bai mai da ƙarin daji ba. Kutsen da ya wuce haka, bisa aikin Riopel da abokansa na 1999 da na Lee da Scully na 2000, iri biyu ne. Akwai na cunkoso, inda ramukan suka matse juna har naman tsakaninsu ya kusa ɓacewa, akwai kuma na ratsawa, inda ƙwayoyi ke warwatsuwa cikin nama suna yaga shi. Na farko idan bai fita daga gidan ƙwai ba makomarsa kyakkyawa ce, na biyu ya fi komawa da yaɗuwa, kuma ganinsa kan sa a sake tambaya ko baƙo ne. Da yake jaka ɗaya kan ƙunshi sashe marar illa, da na kan iyaka, da na daji gefe da gefe, ƙa'ida ita ce a ɗauki yanki 1 ga kowane santimeta, a ninka shi idan ƙarin ya wuce santimeta 10.

Waɗanda Rutgers da Scully suka ware a 1988 an fitar da su daga dangin masu yauƙi a 2014, aka buɗe musu gida na kansu mai suna « séromucineux », mai ɗakuna uku kamar sauran. Bayan shekara 6 kacal, bugun 2020 ya rufe ɗakin dajin wannan gida, ya mai da shi reshen dajin da ke kama da shimfiɗar mahaifa, domin likitocin madubi ba su cika yin ittifaƙi a kansa ba, binciken ƙwayoyin gado kuma bai bambanta su ba.

Rini na zamani masu gano sunadarai a cikin ƙwaya sun taimaka. Ɗan gida yakan kama CK7 sosai, baƙon babban hanji da na afandis sukan kama CK20 da SATB2. Amma ba su raba ɗan gida da baƙon tumbi ko na pankiriyas, wanda ya tsiro daga teratom kuma yakan yi rini irin na baƙo alhali ɗan gida ne. Misali ɗaya ya isa ya nuna cewa matsalar ba ta ƙare ba. Wani gwajin magani na haɗin gwiwa tsakanin Ingila da Amurka, wanda aka shirya domin gano ko magungunan dajin hanji sun fi dacewa da wannan daji, ya nemi mata 330, ya sami 50, aka rufe shi a 2013. Da aka sake duba naman, ƙasa da rabin waɗanda aka duba ne aka tabbatar ƴan gida ne.

7.0 Abin da wannan ke nufi ga mai ƙirƙirar kalma

Idan muka koma ga jerin nan mai gurbi a dama, za mu ga cewa kalmar da ke hagu tana da shekara. « Tumeur mucineuse frontière » ta 1973 ta ƙunshi baƙin afandis da masu kama da bakin mahaifa, ta 2020 ba ta ƙunshi ko ɗaya ba. Wanda ya fassara daga tsohon ƙamus zai shigo da tsohon kuskure cikin Hausa, ya ba shi sabuwar rayuwa. Saboda haka muna ganin ya kamata kowace kalmar likitanci da za a sa cikin ƙamusun fannu ta zo da shekarar rabe-raben da aka ɗauko ta. Ga abin da muke ba da shawara a tattauna a kai:

(1) a. ƙari mai yauƙi marar illa : cystadénome mucineux
b. ƙari mai yauƙi na kan iyaka : tumeur mucineuse frontière
c. dajin gidan ƙwai mai yauƙi : carcinome mucineux primitif
d. daji baƙo a gidan ƙwai : métastase ovarienne

Mun zaɓi yauƙi muka bar majina, domin majina tana ja hankali zuwa hanci, yauƙi kuwa siffa kawai yake faɗa, bai ce komai a kan asali ba, kuma wannan shi ne darasin Hammarsten. A (1b) mun kauce wa daji, da sankara, da kansa, haka kuma mun kauce wa rabin daji, domin kada mu maimaita abin da ya faru a 1929 da 1973. Za a iya cewa kan iyaka ma yana sa mai ji ya zaci ana gab da tsallakawa. Wannan suka tana da ƙarfi, ko da yake a masu yauƙi hoton bai yi nisa da gaskiya ba, tun da akan ga matakan uku cikin jaka ɗaya ɗauke da canjin KRAS iri ɗaya. Abin da ya rage shi ne mai bayani ya ƙara da cewa idan an cire shi dukansa, galibi magana ta ƙare. A (1d) Hausa ta fi Faransanci sauƙi, domin kowa ya san baƙo yana da garinsu, kuma tambayar da ke biye ita ce daga ina ya zo, wadda ita ce ainihin tambayar da likita zai bi.

Akwai kuma bukatar a tsare bambanci tsakanin gidan ƙwai da mahaifa. A maganar yau da kullum akan haɗe su, a ce an yi wa wance aikin mahaifa. Macen da aka cire wa gidan ƙwai ɗaya saboda (1a) ko (1b) tana iya ɗaukar ciki da ɗayan. Idan labarin da ya isa gidan mijinta shi ne an cire mata mahaifa, kalma ta yi ɓarnar da wuƙa ba ta yi ba.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun bi sunayen ƙari mai yauƙi na gidan ƙwai daga bayanin McDowell na 1809 zuwa rabe-raben OMS na 2020. Mun ga ma'aunin rabo ya tashi daga abin da hannu ya taɓa, zuwa gwajin sinadari, zuwa siffar ƙwaya da hawanta, zuwa kutse, daga ƙarshe zuwa tambayar asali. Mun ga kuma cewa a kowane mataki sunan yakan daɗe bayan dalilinsa ya faɗi. Kalmomi huɗun da muka kawo a (1) shawara ce ta masu harshe. Kafin su shiga kowane ƙamus, sai an kai su gaban likitocin madubi da ungozomai da masu yi wa marasa lafiya tafinta, a ji yadda suke sauka a kunnen wadda abin ya shafa.